Wa Ya Zana Dajin Tuddan Nijar?

A shekarar 1956 wani Bafaranshe mai aikin taswira, Clos-Arceduc, ya wallafa bayani a kan wasu hotunan Sahel da aka ɗauko daga jirgin sama. Abin da ya tsaya masa a rai zane ne. A saman shimfiɗaɗɗun tuddai, daji bai bazu yadda aka san daji yana bazuwa ba. Baƙin layi ne na itatuwa, sai farin layi na ƙasa tsirara, sai baƙi, sai fari, suna lanƙwasa tare suna miƙewa tare, kilomita bayan kilomita. Ya kira shi dajin damisa, sunan kuma ya bi shi har yau. Shekara shida kafin nan, a 1950, wani masanin duwatsu mai suna Macfadyen ya ga irin wannan zane a hotunan arewacin Somaliya, lokacin tana hannun Ingila.

Yau ba sai ka hau jirgi ba. Buɗe Google Earth a wayarka, ka nemo Yamai, ka ja hoton gabas wajen Hamdallaye da Kure, ko ka bi arewacin Dosso zuwa Dogon Dutsi. Ga shi nan ɓaro-ɓaro. Faɗin layin itace yakan kama daga mita 10 zuwa 30, tsawonsa ya kai ɗaruruwan mita, filin da ke tsakani kuma galibi ya fi shi faɗi. Makiyayin da ke kora shanu a wurin ya san kurmi, ya san faƙo, ya san in ya ratsa wannan zai faɗa wancan, amma tsarin ba ya bayyana ga wanda ke tsaye a ƙasa. To, tudu ɗaya ne, hadari ɗaya ke zubar masa da ruwa. Me ya sa nan geza ta yi sarƙaƙiyar da saniya ba ta iya kutsawa, taku goma gaba kuma ko tsinke babu? Ruwa dai ba ya tsami banza.

Wanda za a fara zargi ɗan Adam ne, domin a Sahel duk inda aka ga ƙasa tsirara, gatari da bakin akuya ake tuhuma. Ko tsofaffin gonaki ne? Ko gobarar daji? Ko hanyoyin shanu? Wannan zargi bai daɗe ba ya faɗi. Ba a noma saman tuddan nan, manoman Zabarmawa da Arawa gangare da kwari suke bi inda yashi yake. Gatari ba ya auna tazara, wuta ma haka. Sannan rahotanni suka riƙa zuwa daga wurare masu nisa: Worrall ya bayyana layukan ciyawa a Butana ta Sudan a 1959, aka ga na itacen mulga a tsakiyar Ostareliya, aka ga wasu a hamadar Chihuahua ta Meziko. Mutane daban, dabbobi daban, itatuwa daban, zane iri ɗaya. Duk abin da ke yin wannan aiki, ba al'adar wata ƙabila ba ce.

Sai hankali ya koma ƙarƙashin ƙasa. Wataƙila dutsen da ke ƙasa ne yake hawa da sauka, ko yana da tsagogi a jere, itace ya bi inda ƙasa ta fi zurfi. Wannan zato ne mai ma'ana, kuma hanyar gwada shi ɗaya ce: a ɗauki diga a haƙa rami a cikin kurmi, a haƙa wani a faƙo, a kwatanta. Baturen Ingila L. P. White ya yi nazarin wurin ya wallafa a 1970, daga baya kuma ɗan ƙasa, Karimou Ambouta, wanda ya zama malamin kimiyyar ƙasa a Jami'ar Abdou Moumouni, ya rubuta kundinsa na 1984 a kan ƙasar wannan daji. Abin da ramukan suka nuna ya cancanci a tsaya a kansa, domin duk amsar tana nan a binne, ko da yake ba ta inda aka zata ba.

Tuddan nan dutsen yashi ne. Miliyoyin shekaru da suka wuce, koguna da tafkuna sun jibge yashi da laka a babban kwarin da masana ke kira Iullemmeden, wanda ya haɗa yammacin Nijar da gabashin Mali da ƙasar Sakkwato da Kabi. Yashin ya dannu ya zama dutse. A Nijar ana kiran wannan shimfiɗa Continental Terminal, a Najeriya kuma ɓangarenta ne aka sa wa sunan Gwandu. Bayan haka, a zamunan da ruwa ya fi na yanzu yawa, ƙarfen da ke cikin dutsen ya narke, ya taru kusa da sama, ya daskare ya zama marmara. Inda marmara ta tsage, ruwa ya ci dutsen ya bar kwari. Inda ta riƙe, tudu ya tsaya da kansa a baje, yana kallon kwarin daga tsayin 'yan gomomin mita. Shi ya sa duwatsun Dogon Dutsi da na hanyar Birnin Kabi suke da kai a shafe.

Ƙasar da ke kan wannan marmara ba ta da kauri. Sau da yawa diga ba ya wuce rabin mita sai ya fara cin tsakuwa ja, kafin mita ɗaya kuwa ya yi karo da marmara. 'Yar ƙasar da ke saman ma matalauciya ce tun asali, kuma dalilin a bayyane yake. Yashin da ya zama dutsen nan ragowa ne: ruwa ya riga ya wanke shi sau ɗaya kafin ya taru, abin da ya saura ƙwayoyi ne masu tauri da ba sa narkewa balle su ba shuka wani abu. Ba haka baƙin dutsen aman wuta na Biu ko na wasu sassan Filato yake ba, wanda in ya ruɓe yake barin ƙasa mai ƙarfi. Lakar da ke gauraye da yashin irin wadda ba ta riƙe taki ce. Ƙasar tana da tsami. Fosfaras, wato abin da manomi ke saye a buhun supa, kaɗan ne, ɗan wanda ke akwai kuma ƙarfe ya kama shi ya hana saiwa.

Ga abin da ya rushe zaton: dutsen da ke ƙarƙashin kurmi da wanda ke ƙarƙashin faƙo ɗaya ne. Marmara ɗaya, tsakuwa ɗaya. Akwai bambanci a saman, ƙasar kurmi ta fi duhu, ta fi laushi, ta fi ramuka, amma wannan aikin ganye da saiwa ne. Itacen ne ya gyara ƙasar bayan ya zauna, ba gyararriyar ƙasa ya tarar ba.

Maimakon ramin ya warware matsala, sai ya ƙaro wata. Yankin Yamai yana samun ruwa kimanin milimita 550 a shekara, kusan duka tsakanin Yuni da Satumba, alhali rana da iska suna iya busar da fiye da milimita 2,000. Ƙasa mai kaurin rabin mita, rabinta tsakuwa, ba ta da wurin ajiye ruwan da zai kai itace rani. A lissafi, abin da ya kamata a gani a saman tudun nan 'yan tsirarun sabara ne a warwatse, suna fama. Amma ga geza da tsiriri sun haɗa kai sun yi inuwa, ƙarƙashinsu ganye ya taru, ƙasa da danshi. Daga ina suke shan ruwa?

A neman wanda ya ja layukan, an duba iska. A wasu wurare, musamman inda ƙasa ke da rairayi mai tashi, iska tana da hannu a jera tsirrai. Amma iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, hadarin damina kuma daga gabas, don haka da iska ce da layukan duka sun fuskanci waje guda. A tuddan Nijar ba haka suke ba. A kan tudu ɗaya za ka ga sun juya sun bi wata fuska, a tudun da ke maƙwabtaka sun bi wata. An kuma duba gara, domin wasu daga masu binciken farko sun ga suri a cikin kurmin sun ɗora mata laifi. Gara tana da hannu, za mu dawo kanta, sai dai ba ita ta tsara ba; tana nan a jigawa da fadama ma, ba ta ja layi a can ba.

Abin da ya buɗe ƙofa na'urar safiyo ce. Ido yana cewa saman tudun a baje yake, na'ura ta ce a'a. Akwai gangara, amma 'yar mitsitsiya: a cikin mita 100 ƙasa takan sauka santimita 20 zuwa 50 kawai. Da aka ɗora awon gangara a kan hotunan jirgi, sai ga shi kowane layi ya gitta gangarar, ya tare ta, duk inda ta juya ya juya. Inda kuwa gangarar ta yi ƙasa da haka har ruwa ya rasa inda zai nufa, layi yakan ɓace, daji ya koma ɗigo-ɗigo ko ya zama kurmi mai faƙo zagaye-zagaye a ciki. Abin da ke bin gangara komai ƙanƙantarta kuwa ruwa ne.

Saura a kama ruwan yana aikin. Wannan ya samu a farkon shekarun 1990, lokacin da aka yi babban binciken HAPEX-Sahel a gabashin Yamai, wanda ya kai ganiyarsa a daminar 1992. Masu binciken cibiyar Faransa ta ORSTOM, wadda yanzu ake kira IRD, sun kafa sansani kusa da ƙauyen Banizumbu. Suka killace 'yan filaye a faƙo da bakin kurmi, suna tara ruwan da ya gangaro daga kowanne bayan kowane hadari, suna kuma auna danshin ƙasa har zurfin mitoci. Sylvie Galle da abokan aikinta sun yi damina huɗu suna wannan awo.

Ga abin da ke faruwa. Ruwan Sahel da ƙarfi yake sauka. Ɗigon da ya faɗo a kan ƙasa tsirara yana farfasa ɓarɓashinta, laka mai laushi ta toshe ƙofofin da ruwa zai bi, in ta bushe sai ta zama ɓawo. Kaurinsa bai wuce 'yan milimita ba, amma ya isa. Ƙasa mai yashi da 'yar laka, marar taki, marar ganye, irin wadda dutsen yashi ke haifarwa, ita ta fi kowace saurin yin wannan ɓawo. A wasu sassan ma wasu ƙananan halittu dangin gansakuka suna saƙa zare a kansa su ƙara ɗaure shi, abin da Oumarou Malam Issa ya yi nazari a kai. Awon ya nuna fiye da rabin ruwan da ya sauka a faƙo ba ya shiga ƙasa. Malala yake, a hankali, a shimfiɗe, ba tare da ya haƙa kwazazzabo ba saboda gangarar ba ta da ƙarfi, har ya iske kurmin da ke ƙasa da shi.

Faƙon nan rufin kwano ne, kurmin kuma randar da aka ajiye a bakin indararo.

In ka bi ruwan da ƙafa daga sama zuwa ƙasa, za ka ga kowane mataki. Farko tsakuwa da ɓawo mai tauri. Sai wurin da ruwa ke rage gudu ya kwanta, ya bar laka mai tsattsagewa. Nan ciyawar damina ke fitowa, nan kuma 'ya'yan sabara ke tsira. Sai tsakiyar kurmi, inda geza ta yi rumfa. A nan babu ɓawo ko kaɗan, domin ganye ya rufe ƙasa, gara kuma tana cin ganyen tana huda ramuka ba dare ba rana. To ka ga aikinta: ita ke buɗe ƙofar da ruwa ke shiga. Ruwan da ke nutsewa a tsakiyar kurmi ya kai wajen ninki huɗu na wanda ya sauko daga sama, wato a shekara mai matsakaicin ruwa ya fi abin da Legas ke samu. Kuma ba ya tsayawa a 'yar ƙasar saman. Yana bin tsagogin marmara ya sauka mitoci, saiwoyi na biye da shi. A can ajiyar rani take. Daga nan sai bakin ƙasa na kurmin, inda ruwa ya riga ya ƙare: busassun rassa, kututture, ɓawo ya fara dawowa, sabon faƙo ya soma.

Mai shakka zai ce an ga ruwa yana shiga kurmi, amma wa ya ce kurmin ba zai rayu ba sai da shi? An gwada. Josiane Seghieri da Galle sun gina katanga a bakin sama na wani kurmi, suka raba shi da faƙonsa, ya zama ba ya samun komai sai abin da ya sauko masa kai tsaye. Danshin ƙasa ya faɗi, itatuwan bakin sama ne suka fi nuna wahala. Hujja ta biyu ta fi wannan faɗi. Christian Valentin da Jean-Marc d'Herbès sun bi tuddan daga arewa, inda ruwa ke wajen milimita 300, zuwa kudu inda ya haura 700, suna auna faɗin faƙo da na kurmi. A arewa faƙo ya ninka kurmi sau da yawa. Kana yin kudu yana tsukewa, har ya ɓace daji ya haɗe. Kowane kurmi yana da faƙo daidai gwargwadon ƙishirwarsa.

Wannan ya kuma amsa wata tambaya da ba a yi ba tukuna: me ya sa zanen ya tsaya a saman tudu, bai sauka jigawa ba? Domin yashin jigawa yana da zurfi, yana shanye ruwa a inda ya faɗi, babu abin da zai malala. Sai an haɗa abu uku: ruwan da bai isa ya ciyar da ko'ina ba, gangara mai sauƙi, da ƙasa mai yin ɓawo. Dutsen yashi da marmararsa sun ba da biyu daga ciki.

Amma wa ya jera itatuwan layi-layi tun farko? A nan ne, a ganina, labarin ya fi daɗi, domin amsar ita ce babu wanda ya jera su cikin halittun da aka tuhuma. A 1995 Thiéry da d'Herbès da Valentin suka zuba itatuwa barkatai a cikin kwamfuta, suka ba su ƙa'ida biyu kacal: itace yana tauye na ƙasa da shi saboda ya tare masa ruwa, yana kuma taimakon na gefensa da na dab da shi ta sama. Suka bar lissafi ya yi ta juyawa. Layuka suka fito da kansu. Lefever da Lejeune a Beljiyam a 1997, da Klausmeier a Amurka a 1999, sun zo da nasu lissafin, suka nuna abin dangin wanda Alan Turing ya bayyana ne tun 1952 game da yadda zane ke fitowa a jikin halitta: taimako a kusa, hamayya daga nesa. Ikon Allah, ƙa'idar da ake bayyana zanen fatar dabba da ita, ita ce ta bayyana na tudu.

Akwai ragowar tambaya guda, kuma kututturan bakin ƙasa ne suka tayar da ita. In sababbin tsirrai suna fitowa ta sama, tsofaffi suna mutuwa ta ƙasa, ashe kurmin tafiya yake, yana hawan gangara? Worrall ya ga haka a ciyawar Butana. Ga itace abin ya fi wuyar kamawa, domin ran mai bincike bai kai ba. Dabarar da aka yi a Nijar tana da ban sha'awa: gwaje-gwajen bam ɗin nukiliya a sararin sama, waɗanda suka fi yawa wajen 1962, sun yayyafa wa duniya wani sinadari, siziyom 137, wanda ke manne wa laka. Da aka bi inda lakar mai wannan alama ta taru, sai aka ƙiyasta cewa layin yana matsawa sama da abin da bai kai rabin mita ba a shekara. Ba kullum ba ne kuma: a shekarun ruwa bakin sama yana ci gaba, a shekarun fari irin 1973 da 1984 bakin ƙasa yana mutuwa. Har yanzu masana suna jayayya a kan ko kowane kurmi ne ke tafiya. Ni dai ina ganin wannan jayayya ba ta taɓa gindin maganar ba.

Gindin maganar shi ne amfanin da mutane ke ci. Da damina, in gero ya rufe gangare da kwari, saman tudu ne mafakar shanun Fulani da awakin gari: ciyawar bakin kurmi, ganyen sabara da geza da anza, da ruwan da ke kwanciya a 'yan tafkuna. Raƙuman dawa na Kure, waɗanda suka ragu zuwa 49 a 1996 kafin su farfaɗo su haura 600, nan suke hawa da damina, da rani su sauka kwarin Dallol Bosso. Itacen girkin Yamai kuma mafi yawansa daga irin waɗannan tuddai yake fitowa, shi ya sa dokar 1992 ta kafa kasuwannin itace na karkara domin ƙauyuka su riƙa kula da saran dajinsu.

Sai dai sara ya taɓa dajin. Masu bincike Wu da Thurow da Whisenant sun kwatanta hotunan Hamdallaye na 1960 da na 1992, suka ga layukan sun gutsuttsure. Wannan ya fi raguwar itace illa. In aka sare tsakiyar layi aka yi masa giɓi, ruwan faƙon sama zai bi ta giɓin ya haɗu da na faƙon ƙasa, ya yi ƙarfin da kurmi na gaba ba zai iya tarewa ba, ya zubo daga bakin tudu ya haƙa kwazazzabo a gonar wani. Akwai ma abin da ya ɗaure wa masana kai a yankin: tsakanin 1963 da 2007 ruwan rijiyoyi ya hau kimanin mita 4, alhali ruwan sama raguwa ya yi. Dalili shi ne sharar daji, a tudu da gangare duka, ta sa ruwa yana gudu zuwa tafkunan kwari ya nutse a can. Mai jan guga ya samu sauƙi, makiyayin tudu ne ya biya.

Bayan na masu sara, kuskure na biyu na masu kyakkyawar niyya ne. Jami'in da ya hau tudu ya ga rabinsa tsirara, abin da zai fara zuwa masa shi ne hamada ta ci wurin, a kawo tarakta a farfasa faƙo a dasa itace. In ya yi haka a dajin da layukansa ke da rai, ya raba ruwan da ke ciyar da kurmi ɗaya ga wuri biyu, kuma ba zai ishi ko ɗaya ba. Inda aikin gyaran faƙo ya yi nasara, kamar tassa da rabin wata na Illela da kunyoyin tuddan Keita a ƙasar Adar, an bi ƙa'idar da dajin ke bi ne: a bar wani fili tsirara ya tara ruwa, a shuka a inda ruwan ke tsayawa. Waɗannan dabaru na tudun da ya riga ya mutu ne.

Don haka ina kira ga ma'aikatan gandun daji da masu ayyukan farfaɗo da ƙasa, a Dosso ne ko Tawa ko Kabi: kafin ku tura tarakta kan tudu, ku duba hotonsa daga sama. In layukan suna nan a haɗe, ku bar faƙon yadda yake, ku sa ƙarfinku wajen toshe giɓin da gatari ya yi a cikin kurmi, ku kuma nuna wa masu sara su ɗebi busasshen itacen bakin ƙasa su ƙyale bakin sama.